Ƙarfen Saman Bene

Shafi na 31

Masu cewa na bar ku tsaye a gindin matattakala, to ku taso mu hau. Wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙwari yau, ya ajiye wayar sai ya natsu.

*

Tunda Injiniya ta shigo gidan benen da jakar na'urar awo a kafaɗa, babu wanda ya ce mata sannu da zuwa. Hanya kawai suka ba ta. Masu haya sun cika baranda, maza a gaba, mata a bakin ƙofofinsu, kowa ya zuba mata ido kamar ita ce za ta faɗi ranar tashin duniya.

Yayanta ne da kansa ya nace sai ita za a turo daga ofishinsu ta auna ƙarfen sabis ɗin da ke saman benen.

"Ke kaɗai ce ba za su juya wa baki ba," haka ya ce mata a waya.

Ga ta yau a ɗakin Zabuwa, 'yar Yayan, yarinyar da ƙari a ƙwaƙwalwa ya ɗauke tun ba ta gama firamare ba. Gudunta da surutunta ne suka ja mata sunan. Yanzu ɗakin tsit. An gyara gadon, an ja zanin gado har ba ko lanƙwasa. Takalman makarantarta na ƙarƙashi, ɗaya ya kife.

Injiniya ta kalli takalman. Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta, ba ta ji ba. Tun ranar da aka fita da yarinyar haka take, kamar hannun da aka kwanta a kansa.

Ta kunna na'urar. Ta ɗaga sandar awon daidai inda filo yake, ta juya ta a hankali, ta kai ta taga, ta ɗaga ta kusa da silin, saitin inda ƙarfen sabis yake tsaye a kan rufi.

Yaya na bayanta. Mai walda ne, hannayensa duk tabon tartsatsi, ya harɗe su a ƙirji.

"Nawa?" ya ce.

"Yaya, bari na gama."

"Na ce nawa?"

Ta kalli lambar. Ta sake kallo, ko za ta canza don kunya.

"Ƙarami ne sosai."

"Ƙarami kamar yaya?"

"Bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na iyakar da aka sa ba."

Daga bakin ƙofa Tsohon Soja, shugaban masu haya, ya yi gyaran murya.

"'Yata, anya batirin abin nan bai yi sanyi ba? Ƙarfen nan fa a kan kanmu yake. Ni tunda aka dasa shi ko gashin kaina bai ƙara tsirowa ba."

"Baba, sanƙonka ya girmi ƙarfen," in ji wata mata daga baya.

Wasu suka yi 'yar dariya, suka tuna ɗakin da suke, suka haɗiye ta.

Injiniya ta ce, "Eriyar nan kamar tocila take, Baba. Gaba take haskawa, can nesa, saman rufin mutane. Wanda ke gindinta shi ya fi kowa samun kaɗan. Ba ni wayarka."

Ya miƙo mata da alamar rashin yarda. Ta ce ya kira wani, ya kira matarsa da ke tsaye a bayansa. Tana kara sandar a jikin wayar, lambar ta yi tsalle, ta wuce ta ɗakin nesa ba kusa ba.

Tsohon Soja ya ja da baya.

"Kai! Wannan da nake kwana da ita a aljihu?"

"Ita ma akwai iyakar da aka sa mata, kuma a ƙarƙashinta ake ƙera su. Abin da nake nuna muku shi ne, abin da ke shigowa ɗakin nan daga sama bai kai na wayar da ke kunnenka ba. In kuka sare ƙarfen ma, sabis zai yi rauni, wayoyinku su riƙa ƙara ƙarfi don su kamo na nesa."

Masu haya suka kalli juna. Ba wannan suka taru su ji ba.

Yaya ya sauke hannayensa.

"Wa ya sa iyakar?"

"Yaya..."

"Tambayarki nake. Wa ya sa ta? Ya san Zabuwa?"

"Masu bincike ne. Sun auna inda igiyar rediyo take fara ɗumama jikin mutum, sai suka ja layi can ƙasa da wurin, don a samu tazara mai yawa."

"Ɗumi."

Ya maimaita kalmar kamar yana ɗanɗana ta.

"Ni 'yata na binne, ke kina min zancen ɗumi."

"Abin da na'urar take aunawa kenan. Ba ta san dalilin mutuwa ba."

"To me ya kashe ta?"

"Ban sani ba."

"Karatunki duka, ba ki sani ba."

Ba da tsawa ya faɗa ba. Da ma ya yi tsawar, da ta fi jin sauƙi. Wannan Yayan ne ya goya ta ranar da Innarsu ta rasu, suna ƙanana, ya riƙa kai ta makaranta a kan keke kafin ya wuce wurin koyon aiki. Yau yana kallonta kamar ma'aikaciyar da ta shigo gida bisa kuskure.

"Akwai saura," ta ce. "Ban auna sama ba."

"Hau ki auna. Ki rubuta duk abin da kika ga dama. Ni dai kafin rana ta faɗi ƙarfen nan zai sauka, ko da takarda ko babu."

"Akwai wuta a jikinsa, Yaya. Kuma kama ka za a yi."

"Su kama. Me ya rage?"

Ta so ta ce masa Auta ya rage, ƙanin Zabuwa da ba a daɗe da yaye shi ba. Ta so ta ce matarsa ta rage. Sai a lokacin ta lura tun shigowarta ba ta ga matar ba.

Ta maƙala ƙaramar na'urar gargaɗi a gaban rigarta, ta ɗauki jaka ta fita. Babu wanda ya bi ta. A gidan nan yanzu ko shanya ba a kaiwa sama.

*

Ƙofar ƙarshen matattakalar ya kamata ta kasance a kulle. Kwaɗon yana rataye, a buɗe.

Ta tura ta fita. Rana ta daki fuskarta. Ga tankin ruwa, ga akwatunan injin suna gurnani, ga dogon ƙarfen da fararen allunan eriyarsa. Ɗaya daga cikin allunan ba a can sama yake ba, an dasa shi ƙasa-ƙasa a kan guntun ƙarfe, yana kallon unguwa. A gabansa an ja layi da rawayan fenti, an kafa allon gargaɗi cewa kada a tsallaka.

Cikin layin, a kan wani kifaffen bokitin fenti, mace ce zaune ta ba eriyar baya.

Injiniya ta gane gyalen.

"Anti?"

Matar Yaya ba ta waiwayo ba. Kowa Maman Zabuwa yake ce mata, amma tun rasuwar sunan ya zama ƙaya a baki, mutum ya fara ya tsaya a rabi.

Injiniya ta taka layin. Na'urar ƙirjinta ta fara kuka, ƙit, ƙit, ƙit.

"Anti, taso daga nan."

"Kin iso?"

"Taso. Nan ne kaɗai wurin da ba a yarda mutum ya zauna ba a duk gidan nan."

"Shi ya sa nake zuwa."

Muryarta a kwance, kamar mai faɗin farashin gishiri.

"Nan ne kaɗai ba a biyo ni da gaisuwa. Ba mai ce min haƙuri. Ba mai kawo min kwano ya tsaya ya ga ko zan ci."

"Tun yaushe kike hawowa?"

"Kullum, in Auta ya yi barci."

"Ina kika samu makulli?"

"Matar mai walda ce ni fa."

Injiniya ta kama hannunta. Ya yi sanyi, ya rame, awarwaron yana yawo har gwiwar hannu.

"Don Allah ki taso. Gab da eriyar nan ya wuce iyaka. Ba ce miki nake ya yi miki wani abu ba, amma ba wurin zama ba ne."

"Ba na jin komai."

"Ba sai kin ji ba."

"A'a, ba ki gane ba. Ba na jin komai. Ko nan, ko ƙasa."

Duk da haka ta tashi. Ta bi ta kamar yarinya, suka tsallake layin, suka koma inuwar tanki. Na'urar ta yi shiru. Injiniya ta koma ta ɗauko bokitin ta ajiye mata, ita kuma ta zauna a kan bulo.

Daga ƙasa ana jin hayaniyar masu haya, da wani mai babur da ke ta matsa oda.

"Kin auna ɗakinta?" matar Yaya ta tambaya.

"Na auna."

"Babu komai, ko?"

Injiniya ta juyo ta dube ta.

"Ya aka yi kika sani?"

"Na sani tun muna asibiti."

"Kin sani? Kina gani Yaya yana yawo ofis-ofis, yana tara mutane, yau har yana cewa zai sare ƙarfe, kika yi shiru?"

"Kin ga yana cin abinci?"

"Me?"

"Yana ci. Yana wanka. Yana tashi da safe ya sa takalmi, saboda yana da abokin gaba. Ni da ba ni da shi, dube ni."

Ta buɗe tafin hannuwanta, ta kalle su, ta mayar kan cinya.

"In kika ɗauke masa ƙarfen nan, Injiniya, sai ya nemi wani abin da zai tsana. Kuma na san inda zai samu."

"Ina?"

Matar Yaya ta kalli ƙofar matattakala, ta rage murya kaɗan.

"Ranar da aka gama aikin Zabuwa na biyu, Yayanki ya tafi neman jini. Babban likitan ya kira ni ni kaɗai. Na tambaye shi zancen ƙarfen nan, don a lokacin ni ma shi nake zargi. Ya ce shi bai ga dalilin ɗora masa ba. Sai ya fara min wasu tambayoyi."

"Wane iri?"

"Na dangi. Ya ce a danginmu akwai wanda ya taɓa ciwon daji yana da ƙuruciya? Na ce namu dai sai hawan jini da faɗa. Ya yi murmushi. Ya ce dangin uban fa?"

Injiniya ta ji bulon da take zaune a kai ya yi mata tauri.

"Na ce masa uwar mijina ban same ta ba, amma an ce ciwon nono ne ya kashe ta, tana da sauran ƙuruciya sosai. Ya rubuta. Ya ce sai wa? Na ce akwai ƙanin mijina da ya rasu yana yaro, ƙafarsa ta kumbura aka rasa gane kanta."

"Ƙarami," in ji Injiniya.

Sunan ya fito da kansa. Ƙaninta ne, mai bi mata. Ta tuna ƙafar, ta tuna yadda aka ce faɗuwa ya yi daga katanga, aka yi ta ɗauri ana kwancewa har ya daina kuka.

"Ya ce wace ƙafa, wane wuri, shekarunsa nawa. Na ce ban sani ba, ba na gidan. Sai ya ajiye biro."

"Ya ce me?"

"Ya ce bai tabbatar ba. Ya maimaita min har sau nawa, bai tabbatar ba. Amma irin ƙarin da suka ciro a kan Zabuwa, in aka haɗa da na Inna da na Ƙarami, akwai wani abu da ke bin jini a wasu gidaje. Uwa ta ba ɗa, ɗa ya ba 'yarsa. Wani ya ɗauka, wani ya tsallake. Wani ma yana ɗauke da shi har tsufa bai sani ba."

Injiniya ta kalli na'urar da ke kan cinyarta. Batirin ya kusa rabi. Ta kama kanta tana tunanin ya kamata ta sa shi a caji kafin gobe, akwai wata makaranta da za ta je aunawa. Ta san ba wannan ya kamata ta yi tunani ba, amma shi ne ya zo.

"Kina ji na?"

"Ina ji."

"Ya ce akwai gwajin jini. In an samu, ba magani ba ne, amma sai a riƙa duba mutum akai-akai, a kama abu tun yana ƙarami. Ya ce na kawo uban. Na kawo Auta."

"Kin kai shi?"

"Da wane baki zan ce wa Yayanki ya zo a duba ko shi ne ya ba ta?"

"Ba shi ya ba ta ba. Ba wanda ke zaɓar abin da ke jininsa."

"Ke kika san wannan, mai karatu. Shi fa? Mutumin da in ƙofar da ya yi wa mutane ta karkace ba ya barci?"



Matar Yaya ta gyara gyalenta. Har yanzu idonta a bushe.

"Na ce bari a yi kwana biyu. Sai ta rasu. Na ce bari a share makoki. Sai Yayanki ya kama zancen ƙarfe, na ga ya miƙe. Kullum in ce gobe. Ina yi wa Auta wanka ina lalube kansa, ina matsa ƙafafunsa, har yaron ya fara gudu in ya ga soso."

"Anti, wannan ba abin ɓoyewa ba ne."

"Na sani."

"Auta fa."

"Na ce na sani."

Ta juyo gaba ɗaya, karon farko ta dubi ƙanwar mijinta ido cikin ido.

"Ba Auta kaɗai likitan ya ce ba."

Injiniya ta riga ta gane. Tun da aka ambaci Inna ta gane, ta dai ƙi kallon wajen ne.

"Ya tambaye ni ko mijina yana da 'yan'uwa ciki ɗaya. Na ce mace ɗaya. Ya ce tana da yara? Na ce 'yan biyu, mata."

Da safen nan ta kai su makaranta. Sun yi faɗa a mota a kan wa zai zauna kusa da taga, ta daka musu tsawa, ba ta ko waiwaya ba da suka sauka. Ta yi ƙoƙarin tuna fuskokinsu yanzu, sai safarsu kawai take gani, ɗaya fara ɗaya ta fara dafewa.

"Shi ya sa da Yayanki ya ce ke za a kira ban hana ba," in ji matar Yaya. "Na ce in kin zo, ko dai ki yi masa ƙarya ki ce ƙarfen ne, mu ci gaba da lallaɓawa, ko kuma na faɗa miki, ki taya ni ɗauka. Na gaji, Injiniya. Ni kaɗai nake ɗauke da jinin gidanku."

"Ba zan iya ce masa ƙarfen ne ba."

"Na sani. Da za ki iya, da bai kira ki ba."

"Kuma in ban ce ba, zai hau ya sare, wuta ta ja shi ko a tafi da shi."

"To kin ga inda nake zaune."

Injiniya ta kashe na'urar. Ta naɗe igiyar a hankali, zagaye bayan zagaye, yadda aka koya mata, ta sa a jaka ta ja zif.

"Likitan yana nan har yanzu?"

"Yana nan. Ya sa an kira ni, ban ɗauka ba."

"Gobe za mu je. Ni da ke da Auta. Ni zan fara ba da nawa."

"Yayanki fa?"

"Bari na yi tunanin yadda zan..."

Ƙarar ƙofar ƙarfe ce ta katse ta.

Suka juya tare.

Yaya ne tsaye a bakin matattakala. Auta na kafaɗarsa, ya tashi daga barci, fuskarsa duk hawaye, yana miƙo hannu wajen uwarsa. Ga alama kukan yaron ne ya sa uban ya bi gida yana neman ta, har ya hawo inda ya rantse ba zai taka ba sai da abin yanka ƙarfe.

Babu wanda ya san tun yaushe yake wurin.

Bai dubi ƙarfen ba. Bai dubi ƙanwarsa ba. Matarsa yake kallo, tafin hannunsa ɗaya a kan ƙeyar yaron.

"Maman Zabuwa," ya ce, ya faɗi sunan har ƙarshe.

Ta miƙe tsaye, bokitin ya faɗi ya gangara.

"Jinin wa za a gwada?"